Darasi na 7: Amanar Lafiyar Yara a Makarantar Hutu

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Shirya littafin lafiya da akwatin taimakon farko kafin a buɗe makarantar hutu.
2. Karɓar magani daga hannun iyaye, ya adana shi, ya bayar da shi yadda ya dace.
3. Gane alamomin da ke nuna yaro na bukatar asibiti nan take.
4. Sanin abin yi da abin bari a mintocin farko na haɗari.

Shimfiɗa

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, makarantun boko a Najeriya suna dogon hutu. Iyaye ba sa son yara su wuni suna gararamba a unguwa, shi ya sa ake buɗe musu lesin, da ajin hadda, da wuraren koyon ɗinki ko kwamfuta ko wasanni. Yaro ya zo da hantsi riƙe da kular abincinsa da gorar ruwa, ya koma gida bayan azahar ko la'asar. Masu riƙe irin waɗannan wurare galibi malaman islamiyya ne, da matan aure da suka share zaure ko tsakar gida, da samari da 'yan mata da suka gama sakandare. Wataƙila a ajin nan ma akwai mai yi, ko mai niyyar farawa.

Wannan hutu kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa. Sauro ya yi yawa, ruwan sha na saurin gurɓacewa, kududdufai sun cika, ciyawa ta yi tsawo a bayan gida. Najeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi 25 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma a Arewa cutar ta fi tsananta a waɗannan watanni. Duk wanda ya tara yara 30 ko 40 na tsawon mako shida a irin wannan lokaci, ya sani tabbas wata rana jikin wani zai yi zafi, wani zai yi amai, wani zai faɗi ya fasa gwiwa.

Ba a ce ku zama likitoci ba. Abin da ake nema a wurinku abu uku ne: ku san yaron tun kafin ya kwanta, ku lura da wuri idan ya sauya, ku kai shi inda ya dace ba tare da ɓata lokaci ba. Mafi yawan wannan aiki kafin ranar farko ake yin sa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Littafin lafiya

Ku sayi littafi mai kauri, ku ware wa kowane yaro shafi guda. Ranar rajista, ku zauna da uwa ko uba ku rubuta:

- sunan yaro da shekarunsa, da nauyinsa idan an sani;
- lambar waya biyu ko uku, har da ta wani ɗan uwa ko maƙwabci;
- ko yana da sikila, ko fuka, ko farfaɗiya, ko ciwon sukari;
- abinci ko maganin da jikinsa ba ya karɓa, kamar gyaɗa, ƙwai, kifi ko wata allura;
- maganin da yake sha yanzu;
- asibitin da aka saba kai shi, da izinin iyaye cewa a wuce da shi asibiti idan an kira ba a same su ba.

Iyaye da yawa sukan ɓoye sikila ko farfaɗiya saboda tsoron surutun mutane. Don haka kada a yi wannan tambaya a gaban jama'a. Ku ja uwar gefe ku ce: "Hajiya, abin da za ki faɗa mini tsakanina da ke ne. Ina tambaya ne don in san abin da zan yi idan ba kya kusa." Abin da aka rubuta a littafin nan sirri ne, kuma ba a kiran yaro da sunan ciwonsa, ko da wasa.

Sai ku shirya hanya. Ku je da ƙafarku asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ku ga ƙarfe nawa ake buɗewa da tashi, ku kuma san babban asibitin da ke karɓar yara dare da rana. Ku lura da hanyar da ruwa ke tsarewa idan an yi mamako. Ku yi magana da mai adaidaita-sahu ko mai mota guda biyu a unguwa, ku rubuta lambobinsu a bango tare da 112, lambar kiran gaggawa ta ƙasa. Ku ware kuɗin ko-ta-kwana a ambulan, kada a taɓa su don sayen alli ko biskit.

2. Akwatin taimakon farko

Ba sai mai tsada ba. Roba mai murfi ta isa, a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. A zuba ma'aunin zafin jiki, auduga, bandeji, filasta, safar hannu, almakashi, sabulu, aidin na wanke ciwo, tocila, ƙullin ORS da yawa, da farasitamol na yara tare da murfin awonsa ko sirinjin awo. A duba akwatin duk ranar Litinin, a cike abin da ya ƙare.

3. Gaisuwar safe ita ce awon farko

Wanda ke tsaye a ƙofa da safe ya dubi kowane yaro a ido yayin gaisuwa. Wanda ya zo da zazzaɓi, ko amai da gudawa, ko jan ido mai kwantsa irin na afolo, ko ƙuraje da suka feso masa kamar ƙyanda ko ƙarambau, ko kumburin hangum, a mayar da shi gida cikin mutunci tare da wanda ya kawo shi. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya ma ba abin sakaci ba ne. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta fi yin ɓarna a Kano, kuma yaran da ba a yi wa rigakafi ba ta fi kamawa.

Wata uwar za ta ce, "Malama, ɗan zafi ne kawai, na ba shi magani." Ku amsa da taushin murya: "Allah ya ba shi lafiya, Maman yara. Amma yau hutawa ta fi masa karatu, kuma sauran yaran ma amana ne a hannuna." Tabarma ɗaya da kofi ɗaya sun isa su raba cuta ga aji guda. Kowane yaro ya sha da gorarsa, a kuma ajiye buta da sabulu a bakin banɗaki da wurin cin abinci.

4. Magani: karɓa, ajiya da bayarwa

Nan ne kuskure ya fi aukuwa, kuma kuskuren mai kyakkyawar niyya ne.

Babba ne zai miƙa magani hannu da hannu, a cikin kwalbarsa ko kwalinsa na asali. Ba a barin magani a jakar yaro, domin na kusa da shi zai iya ɗauka a matsayin alewa. Kada ku karɓi ƙwayoyin da aka haɗa a leda ba suna, irin waɗanda ake sayowa a kemis ko a tire. Ku duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai daina aiki. Ku rubuta sunan yaro a jikin kwalbar, ku kulle ta a wuri mai sanyi da rana ba ta bugawa.

Mutum ɗaya ne zai riƙa bayar da magani a makarantar. Kafin ya ɗura, ya tambayi kansa: yaron ne wannan? Maganin ne wannan? Awon ke nan? Lokacin ya yi? Da ya bayar, ya rubuta a littafi nan take: suna, magani, awo, ƙarfe nawa.

Mu ɗauki farasitamol. Da nauyin yaro ake auna shi: miligiram 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 16 zai sha miligiram 240. Idan an rubuta a kwalba cewa kowane mililita 5 na ɗauke da miligiram 120, to mililita 10 ke nan. A bar awa 6 tsakanin sha da sha, kada a wuce sau 4 a kwana ɗaya. Da murfin awo ake aunawa, domin cokulan kicin girmansu ba ɗaya ba ne. Kafin a bayar, a kira gida a tambaya ko an riga an ba shi da safe, kuma da ƙarfe nawa. A tuna yawancin magungunan mura na ruwa akwai farasitamol a cikinsu. Idan aka haɗa biyu, awo ya ninka, hanta ce ke shan wahala.

Asfirin ba na yara ba ne. Kada a ba wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita, kuma da yawa daga garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a 'yar takarda asfirin ne a ciki. Kada a ba wani yaro ragowar maganin wani don ciwonsu ya yi kama. Zaƙin maganin ruwa kada ya ruɗe mu: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya kashe aƙalla yara 84 a ƙasar nan. Duk abin da za a zuba a bakin ɗan wani, a san sunansa, a san inda ya fito. Idan kuna shakka, ku dakata ku tambaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

5. Zazzaɓi da gudawa

Idan ma'auni ya nuna 37.5 ko fiye a hammata, yaro na da zazzaɓi. A kwantar da shi a inuwa nesa da sauran, a rage masa tufafi, a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, a kira iyaye. Kada a sheƙa masa ruwan sanyi. Farasitamol na sauke zafi ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cutar. Ku shawarci iyaye su kai shi a yi gwajin jinin ɗan yatsa a ranar, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Idan an tabbatar maleriya ce, maganin na kwana 3 ne kuma dole a shanye shi ko da yaro ya miƙe a rana ta biyu. Idan kuna da yara 'yan ƙasa da shekara 5, ku tuna wa iyaye maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata da damina: bayan na ranar farko, akwai na rana ta biyu da ta uku da uwa za ta bayar a gida.

Gudawa kuwa ruwan jiki take zuƙewa, shi ne haɗarinta. A karanta jikin ƙullin ORS: mafi yawansu a lita 1 na ruwa mai tsabta ake juyewa, wato ruwan leda biyu. Idan babu ƙullin, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a lita 1. A riƙa ba yaro kurɓi-kurɓi. Idan ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. A gaya wa iyaye su karɓo ƙwayar zinki, wadda ake sha kwana 10 zuwa 14. Idan gudawar fara ce kamar ruwan wankin shinkafa, ko yara biyu uku sun kamu a rana guda, a kai su asibiti, a sanar da ma'aikatan lafiya, domin tana iya zama kwalara.

6. Alamomin da ba a jira

Ku haddace waɗannan, ku rubuta su a bango. Idan an ga ko da guda ɗaya, a ɗauki yaro zuwa asibiti, a kira iyaye a hanya:

- ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya dawo;
- jijjiga;
- barcin da ba a iya tashinsa, ko ya daina gane mutane;
- numfashi sama-sama, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki; ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye a minti ɗaya ya yi yawa;
- sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi;
- idanu sun zurma, baki ya bushe, fitsari ya ɗauke;
- tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat;
- kumburin leɓe ko fuska da shaƙewar murya bayan cin wani abu ko harbin zuma;
- jinin da ya ƙi tsayawa.

7. Ranar da yaro ya faɗi yana jijjiga

Mu ƙaddara ƙarfe 11 ne na safe, ana tsakiyar karatu. Wani yaro ɗan shekara 4, wanda tun ɗazu ya kwantar da kai a kan jakarsa, sai ya sandare, idanu suka kakkafe, hannu da ƙafa suka shiga karkarwa, kumfa na fita a baki. Yara suka watse da ihu. Maƙwabciya ta shigo da gudu tana salati, cokali a hannu ɗaya, kwalbar manja a ɗayan.

Malama ta durƙusa. Ta ture benci da allo daga kusa da shi, ta naɗe mayafinta ta tura ƙarƙashin kansa, ta dubi agogon wayarta. Ta ɗaga hannu ta tare maƙwabciyar: "Don Allah Iya, kada ki sa masa komai a baki. Ba zai haɗiye harshensa ba. Taimaka mini ki fitar da yaran nan tsakar gida." Ta ce wa mataimakinta ya kira mai adaidaita. Ba ta danne yaron ba, ba ta girgiza shi ba. Bayan minti biyu jikinsa ya saki. Ta juya shi ya kwanta a gefensa don yawu ya zubo waje, ta sassauta masa wuyan riga, ta sa kunne ta ji yana numfashi. Ta ɗauki littafin lafiya da ambulan ɗin kuɗi, suka shiga adaidaita. A hanya ta kira uwar:

"Salamu alaikum, Hajiya, Malama ce. Ki saurare ni da kyau. Yaronki ya yi jijjiga ta minti biyu, ta tsaya, yana numfashi, yana hannuna. Jikinsa da zafi. Muna hanyar babban asibiti, ki same mu a sashen yara."

Ku lura da abin da ya faru. An raba aiki uku: ɗaya na tare da yaro, ɗaya na neman abin hawa, ɗaya na riƙe da sauran yara. Cokali na karya haƙori. Manja ko rubutu ko ruwan da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake wucewa. Hayaƙi, da albasa a ido, da kara ƙafa a wuta ciwo suke ƙarawa. Addu'a kuwa ana yin ta ana tafiya, ba ta hana ɗaukar yaro. Jijjiga da zazzaɓi na iya zama maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau, don haka ko ta tsaya sai an je asibiti. Idan ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, kowane minti na da tsada. Farfaɗiya kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, babu dalilin gudun mai ita.

8. Yara masu lalura ta musamman

Mai sikila abokin gabarsa sanyi ne, da ƙishirwa, da gajiya mai yawa. Kada ruwan sama ya dake shi, kada ya zauna da jiƙaƙƙun kaya, a bar gorarsa kusa da shi, a ƙyale shi ya fita fitsari duk lokacin da ya nema. Idan ya ce ƙashinsa na ciwo, gaskiya yake faɗa. Zazzaɓi ko ciwon ƙirji ga mai sikila maganar asibiti ce a take.

Mai fuka abin shaƙarsa ne kaɗai maganin da ba a kullewa. Ya kasance kusa, har a filin wasa. Idan ta tashi, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi ya shaƙa yadda likita ya tsara. Idan bai samu sauƙi ba, ko ya kasa haɗa magana, a tafi. A guji shara mai ƙura da turaren wuta a ɗakin da yake.

9. Sauran haɗurra a taƙaice

- Shaƙewa da abinci: idan yana tari, a bar shi ya yi. Idan ya kasa tari da magana, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5. Ga wanda ya wuce shekara 1, a zagayo ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5, a maimaita.
- Yanka: a danne da ƙyalle mai tsabta minti 10. Ba a zuba ƙasa, toka ko man birki. A tambayi asibiti batun allurar tetanus.
- Haɓo: ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti 10.
- Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi-sanyi minti 20. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko manja.
- Shan kananzir ko fiya-fiya: kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara. A tafi asibiti da kwalbar. Tun farko kada a zuba irin waɗannan a kwalbar lemo.
- Saran maciji: ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron, kada ya taka. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, maganinta allurar dafi ce, irin wadda asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna a kanta.
- Cizon kare: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, sannan asibiti a ranar.
- Ruwa: yaro ba ya ihu idan yana nitsewa. A rufe rijiya da randa da durom, a ƙirga yara duk fita da shiga, kada a aiki kowa ta bakin kududdufi.

Farfaɗo da numfashin wanda ya suma aiki ne da sai an gwada da hannu ake iyawa. Ku gayyaci 'yan agajin unguwarku ko jami'an Red Cross su koya muku kafin hutu.

Kammalawa

Da yamma idan uwa ta zo ɗaukar ɗanta, ku gaya mata duk abin da ya faru, ko da 'yar gurjewa ce, ko da kuskuren naku ne. Idan yaro ya bugu a kai, ta sani, don ta lura da amai ko yawan barci cikin dare. Ita ce za ta kwana da shi, kuma da abin da kuka faɗa mata za ta yi aiki. Da safe ta miƙo muku abin da ta fi so a duniya ta juya baya hankali kwance. Littafin nan, da robar magani, da lambobin da ke jikin bango, su ne hanyar da za ku mayar mata da amanarta yadda ta kawo.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa biyar da ake rubutawa a shafin kowane yaro.
2. Me ya sa ake kiran gida kafin a ba yaro farasitamol?
3. Yaro mai kilo 8, miligiram nawa na farasitamol zai sha? Mililita nawa ke nan a kwalba mai miligiram 120 cikin mililita 5?
4. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan babu ORS?
5. Faɗi abu uku da ba a yi wa mai jijjiga, da dalilin kowanne.

Aikin yi

1. Ku kasu uku-uku ku kwaikwayi labarin da ke sashe na 7. Kowa ya gwada matsayin malama, har da kiran waya.
2. Kafin darasi na gaba, kowa ya ziyarci asibitin da ya fi kusa da gidansa, ya rubuto lokacin buɗewa da tashi, da minti nawa ake ɗauka kafin a isa.
3. Kowa ya zana shafin littafin lafiya guda ɗaya a littafinsa, ya kawo aji a duba tare.